Ƙwan Fitilar Tela

A bakin wani lungu a Gwallaga take tsaye, hijabinta sharkaf da gumi, takalminta ya cinye ta gefe ɗaya. Matasan da ke biye da ita suna kiranta Anti Zakiyya. Aikin hutun makaranta ne, gida-gida suke bi suna koya wa mutane tsimin wutar lantarki. Yadda take tafa hannu kafin ta yi magana, da gani malamar aji ce. Muryar kuwa ta dushe tun hantsi.

Kwatsam unguwa ta ɗauki ihu, an kawo wuta! Matasan suka watse neman wurin cajin waya. Ta bi su da ido kawai.

Ga ƙwan fitila yana ci da tsakar rana a ƙofar shagon wani tela. Ta ja ƙafa, ta miƙa hannu ta kashe.

"Haba Malama," in ji telan, "kwana tara rabonmu da wuta. Bar mu mu gan ta mana."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kunna masa, ta zauna a bencinsa, ita ma ta zuba wa ƙwan ido.