Yadda Na Binne Manta Uwa a Hanyar Takieta

Mun tashi da asuba daga bakin Birni, ni da gardi guda, wato dogarin Nasara, da mai jaki, da kwando biyu a bayan jakin. Shekara talatin ina aikin lambu, na kai albasa kasuwa, na kai kankana har gidan kumandan, amma ban taɓa rakiyar kaya irin wannan ba. Wani tsiro ne lokotoron bariki, Nasaran nan mai allura, ya sa fatake suka kawo masa daga can bayan Zariya, dunƙule bakwai. Jikinsa gaɓa-gaɓa kamar ƙaramin rake, ganye kamar na dawa, saiwa fara fat a waje, ba ko ƙwayar ƙasa a jikinta. Tafintan bariki ya ce wai a kan itace yake zama, in ya yi fure kuma sai ka ce fatar damisa.

Lokotoro yana wajen Takieta yana yi wa mutane lambar agana, ya ga wata fadama mai goriba, ya aiko a kai masa ya ɗaura a can tun da damina ta faɗi. Tafinta ya ƙara da cewa in abin ya mutu a hannuna, sunana zai shiga cikin 'yan aikin tilas masu ɗaukar turakun waya. Wanda ya ga yadda mutane ke dawowa daga wannan aiki ya san abin da nake nufi. Ni kuwa bayana tuni ya gama nasa aikin.

Hanya ta yi daɗi, ruwan farko ya kwantar da rairayi. Ko'ina shukar gero ake yi, mai sungumi a gaba, masu iri na bi suna takewa da diddige. Sai dai duk gonar da muka doso, da an hango jar hular gardi sai ta watse. Wani dattijo har ya bar takalminsa guda a kunya. Gardin ko a jikinsa, shi dai a kama masa kaza.

Da azahar muka sauka Tirmini. Na sha fura ta wuri ashirin, mai furar ta ƙi karɓar kuɗin Nasara daga hannun gardi, ta ce ba ta sayar da nono da maɓallin riga. Nan na buɗe kwando, na ga saiwa ta bushe tana ƙara kamar tsintsiya. Ku 'yan lambu ku faɗi gaskiya, wa zai ga saiwa tsirara a rana ya wuce? Na ce a raina Nasara allura ya sani, bai san shuka ba. Na ɗebo baƙar ƙasa a bakin tabki, na cuɗa da takin awaki, na binne dunƙule bakwai ɗin har wuya, na shayar da su har suka ƙoshi, na rufe da tabarma. Mai jaki ya yi ta mita kaya ya yi nauyi. Na ce gara jakinka ya ji a jikinsa da ni in ji.

Washegari da la'asar muka shiga Takieta, aka ce lokotoro ya yi wajen Dakusa, ya bar saƙo mu jira shi a ƙauyen bakin fadamar. Kwana biyu muna can muna cin tuwon dawa da miyar kuka wadda kanwa ta fi gishiri yawa, ni kuma safe da yamma ina ba kwandunana ruwa ina yabon kaina. Ran na uku da hantsi na ɗaga tabarma, wani wari ya buge ni. Ganye ya yi rawaya. Na ja saiwa guda ta saɓule a hannuna, baƙa wuluk, kamar kuɓewar da ta kwana a tukunya. Innalillahi! Na zauna a ƙasa dirshan, har ina jin nauyin turken waya a kafaɗata.

A haka wata tsohuwa ta same ni, ita ce mai kawo mana ruwa daga gidan mai gari. Tsagar fuskarta ba ta ƙasar nan ba ce. Ta leƙa kwando, ta sauke tulu da sauri har ruwa ya zube.

"Wane mara tsoron Allah ne ya binne manta uwa?"

Na ce, "Ni ne, Iya. Kin san shi?"

"Kai, ɗan nan, da furfurarka? Ka taɓa ganin an binne tsuntsu don ya sha sanyi?"

Manta uwa! Sunan na sani tun ina yaro, busassun guntayen nan da mata ke saye wajen masu magani su jiƙa wa ɗan yaye. Ashe shi na ɗauko ɗanye ban gane shi ba.

Ba ta jira izinina ba. Ta kife kwandunan, ta wanke saiwar tas, ta karɓi wuƙata ta yanke duk inda ya yi baƙi har sai ta ga fari. Biyu ta jefar, ta ce sun riga mu gidan gaskiya. Biyar ta shanya a inuwa su sha iska. Ta aike ni in ɓare bawon kalgo in tsaga shi sirara, na tafi kamar wanda aka kama da sata.

Da za mu shiga fadama sai mai gari ya tare mu, ya ce ba za a ɗaura masa kauci a goriba ba, kauci ya riga ya kashe masa gawo biyu. Gardi ya fara kwance bulala. Tsohuwa ta ce ya mayar da ita. Ta ce wa mai gari kauci huda itace yake yi ya sha jininsa, wannan kuwa wurin zama kawai yake aro, ruwan sama da raɓa ne abincinsa. Ta nuna masa saiwar, ta ce ya duba ko ya ga abin huda. Ya jujjuya, ya ce to, a wuyanta.

Ita tana ƙasa tana nuni da sanda, ni ina bisa. Ba kowace goriba ta yarda da ita ba, sai mai kaushin jiki, mai ragowar gindin tsohon ganye inda abin zai zauna. Gefen gabas, ƙarƙashin inuwar kan goribar, don ranar yamma kisa take. Ɗan zaren goriba kaɗan a bayan saiwa, sabon toho yana duban sama, sannan a kewaya da bawon kalgo. Na ɗaure tamau yadda nake ɗaure dami, ta daka mini tsawa in sassauta, ta ce kada ya motsa, kada kuma a shaƙe shi. Kafin kalgon ya ruɓe, in ji ta, saiwa ta kama da kanta. Ruwa kuma da safe, yayyafi, ya bushe kafin azahar.

Da na sauko na tambaye ta a ina ta koya. Ta ce a garinsu, can kudu, kan kowace giginya akwai shi, ita ke riƙe wa uwarta kwando in za a ciro. Tana 'yar shekara tara mahara suka kamo ta. Ubangijinta na farko ya sa aka jiƙa mata shi, don haka ake yi wa bayi kada su gudu. Ta ce, "Ƙwarya uku na sha. Ga ni yau ba haƙori, har yanzu na san ƙofar ɗakin uwata gabas take kallo." A unguwarmu an yi bayi da yawa, ban taɓa tambayar ko ɗaya me aka ba shi ya sha ba.

Lokotoro ya iso kashegari da ƙusa da waya a jakarsa. Ya kewaya goriba biyar ɗin, ya taɓa ɗaurin, ya mayar da ƙusarsa. Gardi ya fassara, wai asarar biyu cikin bakwai a irin wannan hanya ba laifi. Batun takin awaki ban ɗauko ba, gardi ma kaza ta rufe masa baki. Amma da ya tambayi wa ya koya mini, na nuna ta. Ya miƙa mata tamma guda ta kuɗin Nasara, ta ƙi. Wani ɗan toho ta roƙa, kamar yatsa, da ya tsira a jikin ɗaya daga cikin matattun. Ya ɗaga kafaɗa ya ba ta. Ni na ɗaura mata a goribar bayan ɗakinta, ƙasa-ƙasa, don ta ce wuyanta ba ya ɗaguwa yanzu. Na ce ko jikoki za ta yaye da shi. Ta harare ni, ta ce wannan na kallo ne.

Ran na bakwai muka shigo Birni bayan la'asar, jaki ba kaya, ni ba turke, alhamdu lillahi. Abin da na dawo da shi kaɗan ne. Mai lambu in ya ga abin da bai sani ba, ya tambaya kafin ya ɗauko taki, don alherina ya kusa kai ni aikin waya. Matar ɗana kuwa za ta yaye ɗanta wata mai zuwa, ta ce in sayo mata manta uwa a kasuwa. Na ce ta dama masa kunu, manta uwa ba ya aiki.