Rakodar Da Aka Saya Da Canji

Da kawunmu ya rasu a Makka, cikin kayansa da aka aiko har da kaset ɗaya. A da can haka ake gaisuwa da na nesa: a zaunar da mutum gaban rakoda ya yi maganarsa, a ba wa maniyyaci ya kai. Innarmu ce ta yi wa ƙanin nata wannan kaset, ita ma ta daɗe da rasuwa. Duk duniya babu inda muryarta ta rage sai nan.

Mu uku muka haɗa kuɗi, ni da Yaya da ƙanwarmu da ke aure a Darki, don a sayi kayan sauti na gida, a tara jikoki su ji kakarsu. Kuɗin ba su da yawa, amma da an raba su da hankali da sun isa.

A mota, a hanyarmu ta zuwa Kano, kafin mu haye gadar Wudil, na ce wa Yaya abin uku ne: rakoda mai karanta kaset, amfilifaya mai ƙara ƙarfi, sai sifiku. A raba kusan daidai, rakoda ta ɗan ɗara tunda ita za a damƙa wa kaset ɗin, a bar wani abu na wayoyi. Ya yi dariya. Ni a gidanmu an san ni da barkwanci, ko gobara na ce sai an gama ƙyaƙyatawa a nemi ruwa.

Yaya dillalin shanu ne a karar Wudil. Shi da ido yake saye, ya duba tozo, ya daki cinya. Muna shiga shagon a Kano ya nufi wasu sifiku biyu, kowacce ta kai rumbu. Da za a sa wa ɗaya ƙofa, da ɗalibin jami'a ya kama haya a ciki. Ya dake su da tafin hannu, ya ce wa mai shago, "Waɗannan ne bijimai."

Na ce, "Yaya, rakodar fa?"

"Kai dai ba ka rabo da shirme. 'Yar akuyar nan za ka zuba wa kuɗin bijimi?"

"To bari a fara kwafe kaset ɗin a waya."

"Inna ce za a fara ji a waya kamar waƙar biki? A bijiman nan za ta yi magana."

Babba ya yanke. Sifiku suka lashe kusan komai, amfilifaya ta samu ragowa. Da canjin da ya rage aka zaro mana wata tsohuwar rakoda daga ƙarƙashin kanta, wadda ina jin ta girme ni. Mai shago ya gwada ta da kaset ɗin wa'azi, ta yi tari biyu ta kama, Yaya ya ce ai lafiyarta ƙalau.

Ranar Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ƙanwarmu ta zo da tuwo da 'ya'yanta. Yaya da kansa ya danna.

Inna ta yi sallama. Wallahi kamar tana bakin murhu. Ta tambayi ƙaninta gajiya, da iyali, da ibada, da zafin ƙasar, ɗaya bayan ɗaya yadda ta saba, ba ta gaggawa. Ƙanwarmu ta rufe fuska da mayafi. Inna ta ce, "To, abin da ya sa na ce a ɗauki maganata…" sai muryar ta yi kauri, ta ja, ta koma kamar ta namiji. Sifikun suka kai wannan gurnanin har bakin kogi.

Kafin in cire wuta rakodar ta gama aikinta. Zaren ya fito a cukurkuɗe kamar taliya, ya tsinke wuri-wuri, saura ya manne a ciki. Mai gyara ya lilliƙa abin da ya samu, babu abin da ke fita sai shuu.

Yaya ya ce haka Allah ya so, kuma wa ya isa ya ja da wannan? Ƙanwarmu ta tattara 'ya'yanta ta koma Darki, ko tuwon ba a buɗe ba. Har yau in an haɗu a biki ko gaisuwar mutuwa, daga sannu ba ta ƙara masa komai. Sifikun kuwa haya yake ba da su, masu biki suna yaba ƙararsu.

Da yammacin ranar Asabar ɗin 'yata ta tambaye ni me kakarta za ta faɗa bayan gaisuwar. Na ce mata ban sani ba, kuma duk wanda ya sani yana kabari.