Mai Faranti Bai Gane Ba

Shekara talatin da ɗaya kawuna ya yi a masana'antar takin zamani, a gaban wani ƙaton faranti mai juyawa. A zuba gari, shi ya fesa ruwa, garin ya riƙa dunƙulewa yana zama ƙwayoyi. Da kunne yake gane ruwa ya yi yawa. Ya yi ritaya, amma har yau Mai Faranti abokansa ke kiransa.

Autarsa ta tafi nesa karatun yadda duniyoyi ke samuwa. Sai a yi wata ba a ji muryarta ba. Ran da ta kira, ya ce ta faɗa masa abin da take karantawa. Ta ce sabuwar rana a sararin samaniya tana da faifan ƙura da iskar gas da ke zagaya ta. Ƙurar ta manne da juna ta zama tsakuwa, tsakuwa ta zama dutse, babba ya janyo ƙanana har a sami duniya.

"Ban gane ba," in ji Kawu. "Kira ni Asabar ki sake."

Shekara biyu bai gane ba, kuma ba Asabar da ta wuce ba ta kira ba.

A shagon aski na kama shi, da kumfa a haɓa, yana juya kwanon sabulu a hannu yana yi wa mai askin bayani.

"To wa ke fesa ruwan a sama?" in ji mai askin.

Kawu ya ce, "Kai dai kanka kamar dutse. Can nesa da rana ƙanƙara ke taimakawa. Duniyoyin da suka yi ƙiba da wuri su suka shanye gas ɗin, shi ya sa suka fi tamu girma."

A hanya na ce, "Kawu, ashe an gane."

"Rufa min asiri, ɗan nan. In na gane, me ya rage? Ina wuni, ya gajiya, sai anjima."

Ban rufa ba, na faɗa wa Auta. Na ce wa kaina gaskiya nake so, amma ina jin kishi ne: ni da ke kai shi asibiti, bai taɓa yi min wata dabara don in daɗe ba.

Asabar ta zo. Wayar na kan tebur, ƙarfe huɗu ta gota, Kawu ya goge gilashinsa sau uku. Sai da rabi ta yi ƙara.

"Baba," in ji Auta, "ƙwayoyin da nake gwadawa a kwamfuta in sun kai girman tsakuwa sai su yi karo su farfashe. A farantinka me kake yi?"

Ya harare ni, sannan ya gyara zama. "Gudu ne ya yi yawa. In sun haɗu a hankali sai su manne." Ya yi minti arba'in yana bayani, har da hannu, kamar tana ganinsa.

"Ban gane ba, Baba," ta ce. "Zan kira Laraba ka sake."