Littafin da ke Cikin Gafakar Baba

Ni a aji huɗu na ajiye boko, yanzu Adaidaita nake ja. Amma akwai littafi ɗaya da na san nauyinsa tun ina yaro.

A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi yake, cikin gafakar mahaifina, rataye sama da gado. Shafukan farko ajami ne, sauran haruffan Turawa masu ɗige-ɗige. Saboda ajamin nan Inna ta ɗauka littafin addini ne, ba mai taɓa shi sai da alwala. Ko bayan rasuwar Baba, duk Juma'a sai ta sauke, ta goge, ta mayar.

Daminar bara rufi ya yi yoyo, gafakar ta jiƙe. Na kai littafin wurin wani tsohon malamin makaranta a Tarauni, wanda nake kaiwa asibiti, ko zai gyaru. Ya gyara tabarau, ya buɗe, sai dariya.

"Kai direba, wannan ai na limamin coci ne! Bature, ɗan Angalika. Ya mutu tun ba a haifi kakanka ba."

Ya ce mutumin ya zo wa'azi bakin teku, ciwo ya mayar da shi gida, ya ƙare rayuwarsa yana rubuta Hausa daga bakin fatake da 'yantattun bayi. Kano kuwa bai taɓa ganinta ba, sai a bakin mutane.

Na ce, "Malam, karanta mini kaɗan."

Ya karanta labarin wani falke da jakinsa. Labarin da Baba yake ba mu ne bayan la'asar, da kalmominsa da ba mai faɗa yanzu. Ashe nan ya samo shi.

Malamin ya ce, "Za ka gaya wa Hajiya, mahaifiyarka?"

Na san Inna. Ranar da ta ji, littafin nan murhu zai shiga, ko don kunyar alwalar shekara da shekaru. Abin da ya rage mini na muryar Baba ke nan.

Muka shanya shi shafi-shafi, na mayar gida na rataye. Inna ta ce, "Me malamin ya ce?"

"Ya ce a riƙe shi da kyau." Haka ɗin ya ce, da zan fito.

Juma'ar nan ta ce hannunta ba ya kaiwa, in sauke mata. Na yi alwala, na sauke. Na buɗe daidai wurin falken, inda na sa tsinke, na daɗe ina kallon haruffan. Ban iya karanta ko ɗaya ba.