Jar Giyar Jojiya a Taman Melati

Ina da shekara hamsin da ɗaya na zo Kuala Lumpur karatun digiri na biyu. Daga ajin yaƙi da jahilci na faro, bayan na yaye autata, don haka ba ni da saurin jin kunya. Amma kwalba ɗaya ta hana ni sukuni kwana huɗu.

Ni Kirista ce daga wani ƙauyen Zariya. A unguwar Taman Melati muke haya da wata ɗaliba Musulma 'yar Kano, sa'ar 'yata, Mama take ce mini. Ta san addinina, ita ke tashina ran Lahadi kada in makara coci. Abin da ba ta sani ba, burkutu uwata ta dafa ta sayar ta ciyar da mu.

A wani kanti, can lungun da suke keɓe abin da ba halal ba, na ga jar giya mai araha daga ƙasar Jojiya. Mai kantin ya dubi mayafina ya ce ba ya sayar wa Musulmi. Na zaro gicciyen wuyana. Yana naɗe kwalbar yake gaya mini wai mutanen can a manyan tuluna suke haɗa ta, su binne a ƙasa. Da na ji tulu na tuna na uwata, ban nemi ragi ba.

Na tura ta akwati ƙarƙashin zannuwa. In buɗe littafi in rufe, in fita baranda in dawo. Firijinmu ɗaya, kofunanmu ɗaya. Ba na son yarinyar nan ta kwashe kayanta ta bar ni, kuma da furfurata ba zan sha abu a ɓoye kamar ɓarauniya ba.

Rana ta biyar da yamma na zayyana mata komai, har da uwata. Ta ɗago ta ce:

"Mama, ban da firiji, ban da kofunanmu. Kuma ba zan zauna ba in kina sha."

Ta ɗauki jaka ta fita sayo abinci.

A tsohuwar kwalbar zuma na zuba. Ta fi zoɓo duhu, tana ɗaure harshe kamar ɗanyar kanya, sai ɗan tsami, sai ɗumi ya sauka ƙirji. Ko kusa ba ta yi kama da burkutu ba. Ta yi daɗi, na ƙara, amma kunnena na bakin ƙofa.

Ta dawo da ƙunshin shinkafa biyu. Ta buɗe tagogi duka, ta zauna can ƙarshen tebur, ta turo mini nawa.