Duwatsun Kawu a Bakin Binuwai

Ni dai wawa ne tun asali, aji biyu na yi aka sallame ni. Babbar wautata kuwa ita ce da na ɗauka zan iya yi wa kawuna ƙarya. Jiya da aka yi yayyafin farko, ƙanshin ƙasa ya dawo min da shi.

Manomi ne daga duwatsun Mokolo. Ciwon daji ya kawo shi Garwa, ya sauka gidana a Jambutu. Likita ya ja ni gefe ya ce maganin jinkiri ne kawai. Na fito ina washe baki, na ce, "Kawu, kafin damina kana gida."

Ranar da ba ƙarin ruwa, mukan taka da hantsi zuwa gonakin bakin Binuwai. Kogi kwance kamar mai barci, balbelu na bin shanu. Shi kuwa sai ya riƙa tsintar duwatsu yana jerawa, yadda mutanen garinsu suke tare ƙasa a kan tudu kada ruwa ya kwashe. Nan fa fili ne shimfiɗe, gonar ma ba tasa ba. Da farko dariya nake masa. Da hannunsa ya fara rawa, na koma miƙo masa.

Bai ga damina ba. Allah Ya sa inda yake akwai tudu da ruwan sama.

Fitarmu ta ƙarshe ya karɓi dutse, ya juya shi a tafinsa, bai dube ni ba.

"Ɗan nan, kai da ko buta ba ka ɗauka. Da a ce zan koma gida, ai da ba ka taya ni ba."