Sunan Saratu a Kan Takarduna

A layin gidajen akawu na Doka mu kaɗai ne Kirista, amma wannan bai taɓa hana yaran maƙwabta zuwa gindin murhun Kaka ba. Da an ci tuwo, rana ta yi ja, sai ta jawo kujerarta, ta tura gyaɗa cikin toka, ta fara. Ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa ba, amma Littafi Mai Tsarki yana kanta. Sai dai a bakinta Ibrahim Bafulatani ne mai garke, Fir'auna kuwa ya yi kama da wani hakimi da ta tsana a ƙasar Zazzau. Ba ta rufe irin wannan labari da ƙurunƙus. Ta ce ƙurunƙus na labarin ƙarya ne.

Wata shekara, gurbi ɗaya makarantar mishan ta ba gidanmu, kuma sunan yayata Saratu aka rubuta. A lokacin ba a neman takardar haihuwa. Yaro zai ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. In ya kamo, ya isa shiga aji. Nawa hannun bai kai ba. Mama, wadda ta yanke tun ina goye cewa ni, Ladi, ni ce mai ƙwaƙwalwar gidan, ta yi kwana uku tana koya mini ɗage kafaɗa da karkata wuya. Baba yana rangadi. Ran da za a je, ta aiki Saratu kai niƙa, ta sa mini rigarta. Malam ya kira, "Saratu!" Na ce, "Ga ni." Na kuwa kamo kunnen. Jarrabawar farko ke nan da na ci a rayuwata.

Da yamma Kaka ta ɗauko labarin Yakubu da wansa Isuwa. Uba ya tsufa, ido ya tafi, yana so ya sa wa babban albarka. Uwa ta fi son ƙaramin, sai ta sa masa rigar wansa, ta ɗaura masa fatar akuya a hannu, don Isuwa mai gashi ne. Tsoho ya shafa, ya yi ɗan shakka, ya sa albarka.

Binta, 'yar maƙwabcinmu, ta ce, "Kaka, to Allah bai gani ba?"

"Ya gani mana, 'yar nan. Ai tun suna ciki ya ce ƙaramin zai samu. Abin da za a ba shi da rana tsaka, shi ya je ya sata. Rashin haƙuri da Allah ke nan. Sai da ya shekara ashirin yana gudun wansa."

Ba ta kalle ni ba. Ta tono gyaɗa, ta hure toka, ta fara rabo. Da ta zo kanmu sai ta tsaya da hannu a sama.

"To, wace ce Saratu a cikinku yau? In ba ta kasonta."

Yara suka kwashe da dariya, ba su san dalili ba. Saratu tana zaune, garin niƙa har gwiwar hannu, ba ta miƙa hannu ba. Ni ma ban miƙa ba.

Da shekara ta zagayo aka ƙara azuzuwa, aka ɗauki duk wanda hannunsa ya kai kunne. Nawa ya kai a lokacin, ba karkata wuya. Baba, da ya gaji da faɗa da Mama a kan maganar, ya ce Saratu ta shiga da sunan Ladi. Ta ce ita ba za ta amsa sunan wata ba. Ta koyi ɗinki.

Na yi shekara talatin ina koyarwa, ina yi wa yara bayanin dogara ga Allah da kyakkyawar Hausa, kowace takarda tawa kuwa da sunanta. Na daɗe ina ganin Kaka ta kunyata ni ne kawai. Daga baya na gane abin da ta nuna mini: Allah bai yar da Yakubu ba, amma bai kuma ce ya yi daidai ba.

Sai da na yi ritaya na iya ba Saratu haƙuri. Tana kan keken ɗinki, ba ta ko daina takawa ba.

"Malama Saratu ke nan. Sai yanzu? Ai na ci, na sha, na aurar da 'ya'ya." Ta tsinke zare da haƙori. "Zo dai ki nuna mini yadda ake rubuta sunan nawa."

Na kama hannunta, muka rubuta a bayan takardar awo. Ta daɗe tana kallo.

"Ashe ɗan gajere ne," ta ce.